Jagora: Yadda Ake Tsara Sashen Tace Uraniyom da Mai, da Yadda Ake Tafiyar da Shi a Ƙasa Irin Tamu

Ƙannena da ke karatun ma'adinai a EMIG nan Yamai, da na EMAIR a Agadas, da masu karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni, ku na rubuta wa wannan. Tun 1971 kamfanin SOMAÏR ke fitar da uraniyom a Arlit. COMINAK ta biyo ta a Akuta a 1978, ta yi aiki har ƙarshen watan Maris na 2021. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR hannun ƙasa. Dama can ƴan ƙasa ne ke riƙe da mafi yawan aikin, amma daga yanzu har tsarawa da yanke shawara a kanku za su faɗo, kuma ina so su same ku a shirye.

Sashen da zan yi magana a kai shi ne inda ake amfani da mai a zare uraniyom daga ruwan asid. Lissafin sinadaransa ba shi da wuya, ɗalibin shekara ta biyu zai iya rubuta shi a allo. Abin da ke durƙusar da sashen daban ne: datti a cikin ruwan da ke shigowa, gaggawa wajen raba mai da ruwa, sai gobara. A ƙasarmu kuma akwai ƙura, da zafin rani, da ƙarancin ruwa, da doguwar hanya, kuma kowannensu yana ƙara wa waɗancan ukun ƙarfi.

Aikin da sashen yake yi

Dutsen da ake haƙowa bai ɗauke da fiye da ƴan kilo kaɗan na uraniyom a kowane tan ba. Ana niƙa shi, a jiƙa shi da asid sulfurik tare da sinadarin da zai ɗaga cajin ƙwayar uraniyom daga mataki na 4 zuwa na 6, domin a mataki na 6 ne yake narkewa sosai. Sai a tace, dutse ya tafi gefe, ruwa ya tafi gefe. Wannan ruwan jiƙo yana ɗauke da uraniyom, amma kaɗan ne, giram ɗaya ko biyu ko ƴan kaɗan a lita, kuma yana cakuɗe da baƙin ƙarfe, alminiyom, molibden, banadiyom, zirkoniyom da silika. Ba wanda zai saye shi a haka.

Sai a kawo mai. Kananzir ne aka narkar da sinadarin kamu a cikinsa. A dama shi da ruwan jiƙo, sinadarin ya cafke uraniyom ya bar yawancin sauran, a bar su su kwanta, mai ya hau sama da kayansa, tatsattsen ruwa ya fita ta ƙasa. Daga nan a ɗauraye man, a haɗa shi da wani ruwa mai tsabta wanda zai karɓe uraniyom ɗin, wannan karon da kauri, giram 20 ko 30 ko fiye a lita. Man ya koma farko. Aikinsa irin na babbar motar da ke zirga-zirga a kan hanyar Tawa zuwa Arlit ne: a yi mata lodi, ta kai, a sauke, ta dawo babu kaya a sake lodi. Kayan ake sayarwa, motar kuwa jari ce da ake tattali. Daga ruwan sauke ake kwantar da uranat, garin nan mai launin rawaya da ake zubawa a tano. Na SOMAÏR uranat na soda ne, wanda COMINAK ta riƙa yi kuwa na magneziya ne.

Mataki na farko: san ruwanka kafin ka zana komai

Kada ka ɗauko zanen wata masana'anta ta Kanada ko ta Namibiya ka ce za ka kafa irinta. Ka fara da kwalaben ruwan jiƙo na gaske, daga dutsenka, kuma daga rami fiye da ɗaya, domin dutsen da za a haƙa bayan shekara biyar ba lallai ya zama irin na yau ba. Inda ake da ruwa iri biyu, na masana'anta da na tulin dutsen da ake yayyafa wa asid, ka gwada kowanne shi kaɗai, ka kuma gwada haɗinsu.

Ka auna uraniyom, da yawan asid, da sulfat. Sannan ka nemi abokan hamayya. Sinadarin kamu yana kama uraniyom ne saboda a cikin ruwan sulfat uraniyom yana haɗuwa da sulfat ya zama dunƙule mai cajin ragi. To duk wani abu mai irin wannan cajin zai yi takara da shi. Nitrat ya fi kowa naci, kulorid na biye masa. Wannan ya sa zaɓin da aka yi can baya wajen jiƙa dutse yake biyo ka har nan: in an yi amfani da kulorat na sodiyom, zai bar maka kulorid, in kuma nitrat ne, shi ma zai iso. Da yake muna sake juya ruwa saboda ƙarancinsa, waɗannan gishirai taruwa suke yi a hankali har ranar da lodi zai faɗi ba ka san dalili ba. Asid ma in ya yi yawa yana rage lodi. Molibden kuwa ya fi uraniyom kansa manne wa sinadarin kamu, banadiyom a matakinsa na 5 yana shiga har yana lalata man, zirkoniyom kuma yana bin man ya je ya daskare a gaba inda ba a so.

Amma wanda nake so ku fi tsoro shi ne datti. Ruwan da ya fito daga matata, ko da ido ya ga kamar ya yi garau, yana ɗauke da ƙananan burbushin yumɓu. Waɗannan su ne ke zama a tsakanin mai da ruwa su hana su rabuwa. A ƙa'idar aiki ana son kada su wuce ƴan gomman miligiram a lita, kuma in ka iya saukar da su ƙasa da 20, ka yi. Saboda haka tankin kwantar da datti da matatar yashi a gaban sashen ba kayan ado ba ne. Idan kuɗi suka yi ƙaranci aka ce a rage wani abu a cikin tsarin, a ra'ayina a taɓa ko'ina amma ban da nan. Silika kuma ta fi wayo: tana narke, matata ba ta ganinta, sai ta shiga ciki ta zama kamar ƙaro. Haka sinadarin da ake zubawa don dunƙule datti, in aka zuba fiye da kima, ragowarsa kan haifar da irin matsalar da aka kawo shi ya magance.

Mataki na biyu: haɗa man

Hanyoyi biyu aka sani tun shekarun 1950, dukansu daga ɗakunan binciken Oak Ridge a Amurka. Ɗaya ana ce mata Dapex, tana amfani da sinadarin kamu mai suna D2EHPA tare da wani mataimakinsa mai suna TBP, amma tana kwasar baƙin ƙarfe mai mataki na 3, don haka sai an fara sauke ƙarfen zuwa mataki na 2. Ɗayar ita ce Amex, mai amfani da sinadarin amin mai rassa uku, irin wanda ake sayarwa da sunan Alamine 336. Ita ce ta mamaye duniya a ruwan sulfat, saboda tana kamu da sauri kuma ba ta damu da baƙin ƙarfe ba. A kanta zan gina sauran bayanin.

Man Amex abu uku ne. Sinadarin amin, wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Sai wani alkol mai dogon jiki, kamar isodekanol ko tiridekanol, kashi 2 zuwa 5. Sauran duka kananzir. Aikin alkol ɗin shi ne hana abin da ake kira layi na uku, wato lokacin da amin mai ɗauke da kaya ya kasa zama cikin kananzir ya ware kansa ya kwanta a tsakiya. In alkol ya yi kaɗan, layi na uku zai fito. In ya yi yawa, ƙarfin kamu zai ragu. Kuma ya fi amin saurin bin ruwa ya tafi, don haka awonsa daban ne, ƙarinsa ma daban.

Kananzir ɗin ba na fitila ba ne. Abin dubawa a takardarsa shi ne zafin da tururinsa ke fara kama wuta. A arewa, a watannin Afrilu zuwa Yuni, inuwa ma kan haura digiri 45, ruwan jiƙo kuma da ɗuminsa yake zuwa. Ka nemi wanda tururinsa ba ya kamawa sai can sama da digiri 70, ka bar rata mai faɗi tsakanin wannan adadi da zafin da tankunanka za su kai a rana mafi zafi. Sannan ka gwada haɗin naka a sanyi. Daren Disamba da Janairu a hamada sanyi ne na gaske, mai yakan yi kauri, rabuwa ta yi jinkiri, layi na uku ya samu ƙofa. Haɗin da aka gwada a ɗakin gwaji a Yamai da rana tsaka bai faɗa maka abin da zai faru da asuba a Arlit ba.

Mataki na uku: gwaji da lissafi

Da mazurari mai famfo ake farawa. Ka zuba mai da ruwan jiƙo a ma'auni daban-daban, 10 da 1, 5 da 1, 1 da 1, 1 da 5, 1 da 10, ka girgiza, ka bar su su rabu, ka auna uraniyom a kowane ɓangare. Ka zana sakamakon a takarda, na ruwa a kwance, na mai a tsaye. Wannan lanƙwasar ce za ta nuna maka iyakar abin da manka zai ɗauka. A kanta za ka ja layin aiki ka zana matakalar McCabe da Thiele, yawan hawan matakalar shi ne yawan tankunan da kake bukata. A yawancin masana'antu hawa 3 ko 4 ake samu wajen lodi, ruwa na tafiya gabas mai na tafiya yamma, yadda sabon mai zai haɗu da ruwan da ya kusa tatsewa. Ka ƙara hawa ɗaya a kan abin da takarda ta ba ka, don babu tankin da ke aiki ɗari bisa ɗari.

Ga misali na ƙirƙira don ku ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ruwan jiƙo mita kubik 100 ne a awa, da giram 2 a lita. Kilo 200 ke nan na uraniyom a awa. A ƙa'ida ƙwayar uraniyom ɗaya tana cin aƙalla ƙwayar amin 4, don haka man da ke da amin mol 0.1 a lita ba zai wuce wajen giram 6 ba ko da an cika shi taf. A aiki ka sa ran giram 4. To mita kubik 50 na mai a awa ya ishe ka. Amma a cikin tankin dama ana son mai ya kai ruwa yawa ko ya ɗan fi shi, don haka za ka riƙa maido da wani mita kubik 50 ko fiye daga tankin kwantawa zuwa tankin damansa. Jimilla 200 a awa. Amin na kamu da sauri, minti 1 zuwa 2 ya wadatar, tankin dama mai mita kubik 4 zuwa 7 ke nan. Tankin kwantawa kuwa da faɗi ake auna shi. In ka ɗauki mita kubik 4 a awa a kan kowace murabba'in mita, kana bukatar murabba'in mita 50.

Akwai dalilin son lodi ya kusa cika. In ka bar gurbi da yawa a jikin amin, datti ne zai cike shi. In kuma ka cika fiye da kima, uraniyom zai zube ya bi tatsattsen ruwa. Tsakanin waɗannan biyun ake zama, kuma tatsattsen ruwa ya kamata ya fita da ƴan miligiram kaɗan kawai a lita.

Lissafin takarda bai isa a zuba kankare ba. Sai an kafa ƙaramin sashe na gwaji, a juya mai ɗaya a ciki makonni da ruwan gaske. Tarin molibden, da dauɗar da ke taruwa tsakanin mai da ruwa, da lalacewar amin ba sa bayyana a gwajin yini guda.

Mataki na huɗu: tankunan kansu

Farfelar tankin dama tana aiki biyu, tana tsotso ruwa tana kuma damawa. Jarabar da ke kama sabon ma'aikaci ita ce ƙara mata gudu in ya ga kamu ya ragu. Gudu mai yawa yana farfasa ɗigo ya yi ƙanƙanta har ya ƙi haɗuwa, iska ma ta shiga, sai tankin kwantawa ya kasa raba su. Ka sa injin da ake iya rage wa gudu da ƙarawa, ka tsaya a mafi ƙarancin gudun da ke biyan bukata. A bakin tankin kwantawa a kafa shingen sanduna da zai karya ƙarfin ruwa ya baje shi ko'ina daidai, a ƙarshensa kuma madatsar ruwa ta zama wadda ake ɗagawa da saukewa, da ita ake daidaita kaurin man da ke sama. Akwai masu amfani da dogayen hasumiyai masu bugun ruwa maimakon tankuna, kamar a Olympic Dam ta Ostareliya. Rufaffu ne, ƙura ba ta shiga, tururi ba ya fita, amma gyaransu da saitinsu sun fi bukatar ƙwarewa.

Wajen kayan gini, kananzir yana cin roba ta asali, kulorid kuma yana huda ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka duba kowane tiyo da kowane abin toshe yoyo da wannan idon. Tankunan kuma a yi musu rufi saboda guguwar ƙura, amma rufin da iska ke ratsawa, kada tururi ya taru.

Mataki na biyar: ɗauraya da sauke kaya

Kafin sauke kaya a ɗauraye man da ruwa mai ɗan asid a tanki ɗaya zuwa uku, don a wanke ɗigon ruwan jiƙo da ya biyo shi da wani ɓangare na zirkoniyom. Ruwan ɗaurayar a maido shi wajen lodi, akwai uraniyom a ciki.

Hanyar sauke kaya kuwa, a ƙasarmu ba ilimin sinadarai kaɗai ke zaɓenta ba, hanya ma tana da baki. Kayan aiki daga tashar jirgin ruwa suke tasowa, su ratsa ƙasa har Tawa, su hau hanyar uraniyom zuwa Arlit. Sulfat na amoniyom yana aiki da kyau kuma ana sake juya shi, amma yana bukatar amoniya a kai a kai, da kuma ido a kan pH, wato awon ƙarfin asid, a kowane tanki, tsakanin 3.5 da 4.5 ko kusa da haka. In ya haura 5, uraniyom zai fara daskarewa a cikin tankin dama, ka ga rawaya inda bai kamata ba. Gishirin kulorid yana da araha da sauƙin ajiya, yana sauke uraniyom ya bar molibden a jikin mai, wanda alheri ne ga tsabtar kaya, amma dole a bi man da wankin karbonat don cire molibden ɗin, kuma kulorid zai shiga ruwanka. Karbonat na sodiyom yana sauke komai tas, har da molibden, yana tayar da kumfa in ya haɗu da asid, kuma yana barin amin tsirara, sai an sake ba shi asid kafin ya koma lodi. Akwai masu saukewa da asid sulfurik mai ƙarfi, abin sha'awa ga wanda ke yin asid ɗinsa a wurin daga farar wuta. Ka jera su ka tambayi kanka: wanne zan iya ajiye na wata shida a sito ba tare da ya lalace ko ya zama haɗari ba, kuma wane irin uranat mai saye yake karɓa?

A misalinmu, in ka sauke kilo 200 a cikin mita kubik 8 a awa, ka samu giram 25 a lita. Ruwa ya ragu fiye da sau 12, datti kuma ya tafi.

Gobara

Sashen nan tafkin kananzir ne a tsakiyar hamada. Olympic Dam ta yi gobara a sashen mai a 1999, ta sake yin wata a 2001, kuma daga nan ne duniyar ma'adinai ta ɗauki lantarkin gogayya da muhimmancin da ya dace. Kananzir ba ya wuce da lantarki. In yana gudu da sauri cikin tiyon roba, ko yana faɗowa daga sama cikin tanki yana fantsama, caji na taruwa har ya yi tartsatsi, feshin mai kuma yana iya kamawa ko da zafinsa bai kai adadin da ke takarda ba. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara wa abin ƙarfi.

Don haka tun a zane: mai ya yi tafiya a hankali cikin tiyo, wajen mita 1 a daƙiƙa, tiyo ya kasance cike, bakinsa ya nutse ƙarƙashin man da ke tanki, duk wani ƙarfe a haɗa shi da ƙasa. A kewaye tankuna da katangar tare malala, a yi ramin da za a juye mai a ciki nesa da sashen, a bar fili tsakanin sashen da sauran gine-gine. Kumfar kashe gobara ta kasance da famfon da ba ya jiran wutar da ke zuwa daga SONICHAR, kamfanin da ke samar da lantarki da kwal. Ba walda ba tare da takardar izini da awon tururi ba, ba taba, ba wayar hannu. Wannan doka ta hau kan darakta kamar yadda ta hau kan lebura.

Tayar da sashe da aikin kullum

A fara da ruwa zalla a nemi yoyo. Sannan a zuba mai, a ba shi asid. Wajen kunna farfela akwai abin da ake yawan sakaci da shi. In an dama mai da ruwa, ɗaya ne ke zama uwa, ɗayan ya zama ɗigo-ɗigo a cikinsa. A ruwa mai silika da datti an fi son mai ya zama uwa, domin dauɗa ta fi ƙaranci kuma man da ke bin tatsattsen ruwa ya fi raguwa. Don samun haka, a kunna farfela tana cikin mai, a shigo da ruwa sannu a hankali. Na'urar auna wucewar lantarki ita ke faɗa maka wanda ke uwa: in allura ta tashi, ruwa ya karɓe. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, wannan ne abin dubawa na farko, domin a nan ne yake juyewa.

Wanda ya karɓi aiki ya zagaya da ƙafarsa. Ya ɗebi cakuɗe daga kowane tankin dama a kwalbar awo, ya duba agogo ya ga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya rabu, ya rubuta. Wannan adadi ya fi kowace na'ura saurin ba da labari: in jiya minti 1 ne yau ya zama 3, wani abu ya shigo, tun kafin sakamakon ɗakin gwaji ya iso. Ya auna kaurin mai da kaurin cakuɗen tsakiya a tankin kwantawa, a gaba da baya. Ya duba pH na sauke kaya da na'urar hannu, kada ya dogara da wadda ke maƙale kaɗai, mai yana toshe bakinta. Ɗakin gwaji kuma ya auna uraniyom a ruwan shiga, da tatsattsen ruwa, da mai kafin sauke da bayan sauke, a kowane zubi na aiki, amin da alkol kuwa aƙalla mako-mako. In tatsattsen ruwa ya fara ɗaukar uraniyom, ka bi su bi da bi: ko man bai sauke sarai ba, ko amin ya ragu, ko kulorid da nitrat sun taru, ko ma'aunin mai da ruwa ya goce.

Ku riƙa lissafa man da ke ɓacewa. A misalinmu, in tatsattsen ruwa na tafiya da mililita 50 kacal a kowace mita kubik, lita 5 ke nan a awa, 120 a yini, 3,600 a wata, kuma kowace lita sai ta sake yin doguwar tafiyar nan. Ƙaramin tanki a bayan na ƙarshe, inda ruwa zai ɗan huta a yaɗe man da ya taso, yana biyan kuɗinsa.

Dauɗar tsakani ba a raba sashe da ita gaba ɗaya. Siririn layi ba laifi. In ta yi kauri sai ta cinye wurin rabuwa, ta tsallaka tanki na gaba ta yaɗu. A riƙa zuƙe ta a kai a kai, a kai ta tanki na musamman, a dama ta da mai mai yawa ko a juya ta a injin wurwura don a ƙwato man da ke ciki. Kafin a zubar da ragowar a aika da ita ɗakin gwaji. In silika ce, matsalar tana wajen jiƙa dutse. In yumɓu ne, matata ce. In molibden ne ko zirkoniyom, ɗauraya da wankin mai ne suka gaza.

Jikin ma'aikaci da ruwan garin

A sashen mai haɗarin kusa shi ne asid, da tururin kananzir, da amoniya in ana amfani da ita. Ƙurar uranat kuwa tana can wajen busarwa da zubawa a tano, kuma in ta shiga jiki ƙoda take fara taɓawa. Abin rufe hanci, safar hannu, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, ba a ci ba a sha a wurin aiki. Iyakar radiyasiyon ga ma'aikaci a ƙa'idar duniya milisibat 20 ne a shekara in an raba a kan shekara 5, ga sauran jama'a kuwa 1. Ka sa na'urar awonka a ƙirji, ka kuma nemi a nuna maka sakamakonka. A tiyo da tankunan ruwan jiƙo wani ɓawo yakan taru mai ɗauke da radiyom, don haka tsohon ƙarfen sashen ba ya fita kasuwa sai an auna shi. Mutanen Arlit, da ƙungiyar Aghirin'man, sun daɗe suna magana a kan wannan, kuma suna da gaskiyar damuwa.

A cikin abubuwa masu radiyasiyon, man yana ɗauke uraniyom ne kawai. Radiyom 226, wanda sai bayan shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa, da toriyom 230, suna nan a ragowar dutse da tatsattsen ruwa, tare da asid. Ruwan da garin ke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake, tsohon ruwa ne da damina ba ta mayar da shi. Ka juya tatsattsen ruwa zuwa wajen jiƙa dutse gwargwadon abin da kulorid ya bari, saura ya tafi tafkin busarwa mai shimfiɗa biyu da hanyar gano yoyo a tsakaninsu, da rijiyoyin awo a kewaye. Sakamakon awon ya isa hannun ARSN, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya, yadda yake. Haka lissafin kowane kilo, daga ruwan shiga har tano, domin Nijar tana ƙarƙashin yarjejeniyar sa ido ta hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

In kaya suka yanke

Bayan rufe iyakoki a 2023 mun ga yadda rashin kayan aiki ke tsayar da masana'anta. To tsayawa ma a tsara ta. Kada a bar mai da kaya a jikinsa. A rufe ruwan shiga, a ci gaba da juya mai har ya sauke sarai, a yi masa wankin karbonat, a ɗauraye shi da ruwa. In tsayawar za ta yi tsawo, a kwashe shi zuwa rufaffen tanki a inuwa, nesa da rana da ƙura. A zuƙe dauɗa tun tana da laushi, a wanke tiyon sauke kaya kafin gishiri ya daskare a ciki, a jiƙa bakin na'urorin pH a ruwan ajiyarsu. Famfon kashe gobara da masu gadinsa su ci gaba da aiki kamar kullum, tunda kananzir ɗin yana nan. Ranar da za a tayar kuma, a fara auna amin da alkol, a sake gwajin mazurari da na kwalbar awo da ruwan jiƙon da ke hannu a ranar, a ba man asid, sannan a buɗe ruwa a kan rabin gudu har sai tatsattsen ruwa ya fito da tsabta sau biyu a jere.